Sanarwa ga ɗaliban ajin ƙarshe: darasin Asabar kan "reflect"

Assalamu alaikum ɗalibai. Mun duba aikinku na Turanci, kusan kowa ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, shi ya sa muka ga gara mu gyara tun kafin WAEC da NECO.

Idan haske ya daki madubi ko ruwan tafki ya dawo, "reflect" ake cewa kai tsaye: "The mirror reflects light." Idan kuwa zurfin tunani ake nufi, galibi "on" ko "upon" ke biyo baya: "She reflected on her father's advice." Masu rubuta "reflect about" su daina, maki ake zaftarewa. "Ponder" da "contemplate" ma tunani ne mai zurfi, sai dai "contemplate" ba ta ɗaukar "on", abin da ake tunanin ne ke bin ta.

Ƴan kimiyya, kada ku haɗa "reflection" da "refraction". Ta farko dawowar haske ce, kusurwar da ya faɗo da ita daidai take da wadda ya koma da ita. Ta biyu lanƙwasar haske ce in ya ratsa ruwa ko gilashi. Ku tsoma kara a kofin gilashi mai ruwa, za ku ga kamar ya karye.

Ranar Asabar bayan la'asar a firamaren gari, kowane rukuni ya zo da ƙananan madubai 2 da tocila. Madubai a kusurwar digiri 90 hoto 3 suke bayarwa, a digiri 60 kuma 5. Banda madubin babur, don a doro yake, lissafin ba zai fito ba.