Abba, kafin ka hau jirgin Andalus

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan an gama jarrabawa lafiya. Mu nan ƙalau muke, damina ta kankama, ruwan shekaranjiya har zaure ya shigo mana.

Ummanku ta nuna mini tsarin tafiyar Sifaniya da ka turo mata ta WhatsApp, na sa tabarau na karanta sau biyu. Madrid, Toledo, Ƙurɗuba, Ishbiliya, Garnaɗa, duk a kwana shida. Na yarda ka je, abin da kuɗinka ya gaza ma zan cika. Amma gari biyar a kwana shida ai rabon goron ɗaurin aure ne, ka miƙa a ƙofar gida ka yi gaba. Ka rage. Da ni ne, Madrid kwana ɗaya ya isa, Ƙurɗuba biyu, sauran ukun na Garnaɗa. Toledo da Ishbiliya ba gudu za su yi ba.

Na san abin da ya ruɗe ka, saurin jirgin ƙasansu ne. Tun 1992 suka buɗe layin da ya tashi daga Madrid ya bi ta Ƙurɗuba zuwa Ishbiliya, kilomita 471, kusan nisan Kano zuwa Abuja, kuma cikin kamar awa biyu da rabi an kai. Gudunsa yana taɓa kilomita 300 a awa. Duk wanda ya ga haka sai ya ɗauka zai iya haɗiye ƙasar a mako guda. Ni da nake saurayi, jirgin Legas nake bi da ƙunshin fatu. Mu tashi daga tashar Kano, sai mun kwana mun wuni a hanya. A Zariya a sayi rake ta taga, a Minna a sayi doya, in an zo gadar Jebba kowa ya yi tsit yana leƙen Kwara. Da idona na ga inda dawa da gero suke ƙarewa, kwakwar manja ta karɓa. Wahala kam an sha, amma a jirgin nan na san ƙasar nan. Naku zai iya kai ka ko'ina ba ka ga komai ba. Don haka ka zaɓi kujerar taga, wayar ta koma aljihu. In kun keta duwatsu kuka gangara kudu, za ka ga itatuwan zaitun a jere, layi bayan layi, har inda ido ya gaza.

Kuma jirgin ba ya jiran kowa. Ana saka jaka a na'ura kamar a filin jirgin sama, saura minti biyu a tashi su rufe ƙofa, magiya ba ta buɗe ta. Ka sayi tikiti tun yanzu, ya fi araha. A jikinsa ba za ka ga Ƙurɗuba ko Ishbiliya ba, Córdoba da Sevilla za ka gani, kada ka tsaya neman sunan da ka ji a makarantar allo. Fasfo a aljihun ciki, 'yan sane ba a Kasuwar Sabon Gari kaɗai suke ba.

Ƙurɗuba nake so ka zauna. Sau ɗaya na je, lokacin da wani mai sayen jar fata a wurina ya gayyace ni Sifaniya, amma har yau in na rufe ido ina ganin cikin masallacin nan. Abdurrahman Addakhil ne ya fara gina shi wajen shekarar 785, na bayansa suka yi ta ƙari. Ginshiƙai sama da 850, a kansu bakuna masu ratsin ja da fari, ɗaya bisa ɗaya, ga duhu-duhu da sanyi kamar cikin tsohon soro. Kana cikin tafiya sai ka yi kiciɓis da coci a tsakiya, domin tun 1236 da garin ya fita daga hannun Musulmi wurin ya koma na Kirista. Ba a yarda a yi salla a ciki ba, masu gadi suna lura. Na san zuciyarka, irin ta kakanka ce. Kada ka tayar da kabbara don a ɗauke ka bidiyo, kada ka yi gardama da mai gadi, aikinsa yake yi. Ka tsaya gaban mihirabin ka yi addu'arka a zuci. Ka tuna Alfazazi, mai Ishiriniyar da kakarka take rerawa duk watan Maulidi, a garin nan aka haife shi. Wancan tsohon bai taɓa sanin Kano ba, ga shi baitocinsa sun fi ƙarni bakwai suna yawo har suka shigo ɗakin Hajiya.

In ka fito, ka bi lungunan da ke kewaye, akwai masu aikin fata, garin ya daɗe da suna a kanta. Ka ɗauki ɗaya ka sunsuna, ka murza da yatsa yadda na koya maka a rumfa, ka zo ka faɗa mini ko ta kai jimar mutanenmu.

Sai Garnaɗa, inda na sha kunya. Na hau tudun nan da sassafe, da babbar rigata, na isa ƙofar Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmin garin, na ce a ba ni tikiti. Aka ce na yau ya ƙare, na gobe ma haka. Jibi kuwa jirgina na dawowa gida. Ashe makonni kafin ranar ake saye, musamman a lokacin hutu, da sunanka a jiki, da sa'ar da za ka shiga fadar sarakunan, in ka makara shi ke nan. Ka saya yau ta intanet, ka tafi da fasfonka don suna dubawa. Ni dai tsallakawa na yi zuwa tsohuwar unguwar Albaizin da ke fuskantar fadar. Akwai masallaci a can da aka buɗe a 2003, na yi La'asar, na zauna a lambunsa ina hangen jan ginin har rana ta faɗi. Kai ka shiga mini. An ce bangon cike yake da rubutun "Wa la galiba illallah", ka karanto da idonka.

A 1492 Garnaɗa ta faɗi. A 'yan shekarun nan ne Shehu Magili yake nan Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Na faɗi haka ne don na san za ka dawo kana jimamin Andalus, alhali kai da aka haifa a cikin ganuwa ko sau ɗaya ba ka taɓa shiga Gidan Makama ba, badalar da kake wucewa kullum kuwa ruwa da masu gini suna ta cinye ta.

Zafin can a Yuli da Agusta yana haura digiri 40, kada ka ce kai ɗan Kano ne. Ka fita da safe, ka kwanta da rana kamar yadda 'yan garin suke yi. Magariba sai wajen tara ko tara da rabi na dare. Ƙasaru za ka riƙa yi tunda babu inda za ka cika kwana huɗu. Naman alade yana cikin abincinsu sosai, har a miyar da ba ka zata ba, ka tambaya kafin ka ci, in ka yi shakka ga kifi.

Ummanku ta ce kullum ka kira ta bayan Magaribar Kano, ba taku ba, kuma man zaitun take so, kwalba biyu. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.