Tsofaffin ɗalibai, akwai bashin Samaru a kanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana da muka sha ruwan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ƙannenmu da ke cikinta yanzu.

Kwanakin baya 'yan ajinmu muka yi taron sada zumunci. Wata uku ana ta cacar baki a zaurenmu na WhatsApp a kan launin anko da otal ɗin da za a kama. Aka yi karo-karo, aka ci aka sha, aka miƙa wa juna lambobin yabo (har ni na samu ɗaya, ban kuwa san abin da na yi ba), aka ɗau hotuna, aka watse. Ban ce zumunci laifi ba ne. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni sakat.

Da yamma na tsallaka titi zuwa cikin Samaru, unguwar da ke daura da jami'ar, wurin dattijon da muke shan shayi a teburinsa zamanin da muke kwana a ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Danfodio. Yana nan, sai dai furfura ta cinye gemun. Wannan mutumin yana da wani littafi duk ya yi maiƙo, da ya ɗaure da roba, inda yake rubuta mana bashi. Idan kuɗin gida ya yi jinkiri, ko a fuska ba ya nuna maka. Zai fasa ƙwai biyu, ya yanka burodi, ya ce idan Allah ya hore ka kawo. Na san waɗanda suka kammala digiri da sunansu a littafin nan ba a soke ba, yau kuma suna hawa motar da ba a jin ƙararta.

Na ce, "Baba, ina yaran?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana. Autan ne dai sau biyu yana zana JAMB ba a dace ba. Ya ce min ranar jarrabawa ce ranar farko da ya taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Tun 2015 aka mayar da wannan jarrabawa kacokan kan kwamfuta. Ga yaro an haife shi yana hango katangar jami'ar da aka buɗe tun 1962, a bayan katangar akwai dubban matasa da kwamfuta a jaka, amma babu wanda ya zaunar da shi na awa ɗaya ya nuna masa inda ake dannawa. Irinsa nawa ne a Bomo da Hayin Dogo da Palladan da Basawa?

Mutanen nan ba baƙi ba ne a rayuwar ɗalibi. Su ne masu ba da hayar ɗaki ga wanda bai samu gado a ciki ba, su ne masu wanki da guga, masu ƙosai, 'yan acaɓa, masu buga takardu. Wanda ya leƙa Samaru lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ga yadda kasuwa ta yi tsit. Mu mun ƙirga zangon karatun da ya salwanta, su kuwa tukunyarsu ce ta daina hawa murhu.

Kuma fita wajen katanga ba sabon abu ba ne a wannan jami'a. Irin masara da wake da gyaɗa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ke fitarwa, su SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, sunan Samaru ne a goshinsu, kuma sun kai gonakin da masu su ba su taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo suke shiga ƙauyuka, su zauna da manoma, su saurari damuwarsu, sannan su mayar da ita wasa a dandali da Hausa. Wannan gadon muka tarar. Me muka ɗora a kai?

Ga abin da nake gani, kuma ba ya buƙatar kwamiti mai mutum goma sha biyar. Kusan kowace jiha da ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a makaranta, ban da na sassa da na addini. Maimakon ƙarfin ya ƙare a makon al'adu da zaɓen shugabanni, kowace ƙungiya ta ɗauki makarantar sakandare ɗaya a maƙwabta. Asabar biyu a wata, mutum biyar da kwamfutocinsu, a koya wa 'yan ajin ƙarshe amsa tambaya a allo, a taɓa musu lissafi da Turanci. A tuna da 'yan mata musamman, a tura musu ɗalibai mata don hankalin iyaye ya kwanta. Mu tsofaffi kuma mu ɗauki kuɗin mota da na fam ɗin jarrabawa. Kuɗin ankonmu kaɗai da ya sai wa yara da dama fam.

Na san za a ce aikin gwamnati ne. Haka ne. Amma ranar da yunwa ta koro mu daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da sha ɗayan dare, Baba bai ce mu je gwamnati ta ba mu shayi ba.

Na kai wannan magana zaurenmu. Mutum huɗu suka amsa, sauran suka turo hoton babban yatsa. Da huɗun nan za mu fara bayan Sallah in Allah ya yarda, kuma autan Baba ne na farko a takarda. Ni ma na sa an buɗe littafin, aka tarar da naira ɗari da tamanin a gaban sunana. Ya ƙi karɓa.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.