A Daina Sayar wa 'Yan Gwangwan Tsofaffin Kekuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in roƙi mutanen Jos masu tsofaffin kekuna jingine a zaure su ba yara, maimakon 'yan gwangwan su auna a kilo.

Mahaifina ya bar mini Raleigh ƙirar Ingila, wanda yake hawa zuwa aikin kuza a Bukuru. Sirdin fata ne, birkin sandar ƙarfe, ƙararrawarsa kuwa har yau ana jin ta daga bakin layi. Daga baya na ƙara da Phoenix biyu. Da ciwon gwiwa ya hana ni hawa, na miƙa wa jikokina. Dariya suka fara yi, wai keken tsofaffi. Yanzu kowace Asabar sai na raba rigimar wanda zai hau Raleigh ɗin.

Naka,
Wani mai karatu, Gangare, Jos