Rahoton ayyukan shekara na zaurenmu na karatun Attaura da sharhinta

'Yan uwa barkanmu da kammala zagaye. Kamar yadda muka saba lissafinmu yana bin kalandar Yahudawa ne, to wannan rahoto na zagayen karatun shekarar 5785 ne, daga Oktoban 2024 har zuwa bikin Simhat Tora na Oktoban 2025, ranar da suke karasa Maimaitawar Shari'a, littafin karshe na Attaura, su kuma koma Farawa, littafin farko, a zama daya.

Kashi 54 ne Attaurar duka kuma mun bi su ba tsallake, sai dai da yake shekarar ba mai wata 13 ba ce kamar wasu shekarun Yahudawa, wasu makonnin kashi biyu aka hada, irin su Tazriya da Mezora na Littafin Firistoci, kuma a nan ne fa mutane suka gudu, dokokin kuturta da tsarki ba labari a ciki, grup din WhatsApp ya yi tsit kamar an dauke wuta. Wadanda suka daure Allah ya saka.

Babban abin da muka canza bana shi ne takardar tambayoyi ta mako. Da can kowa karantawa yake ya zo ya fadi ra'ayinsa, karshe a koma musun addini. Yanzu mun dauki salon Nehama Leibowitz, malamar nan ta Isra'ila da ta rasu a 1997, wadda tun 1942 take aika wa mutane takardun tambayoyi ta gidan waya su amsa su mayar mata ta gyara da jan biro. Tambayarta da aka fi sani ita ce, me ya dami Rashi a wannan ayar? Wato Rashi, malamin garin Troyes na Faransa (1040 zuwa 1105), ba ya sharhi haka kawai, sai in akwai abin da ya tsaya masa a cikin nassin, aikinka ka nemo shi. Gaskiya tun da muka koma haka surutu ya ragu, don wanda bai bude ayar ba ba shi da bakin magana.

Makon da ya fi zafi shi ne na Wayesheb, Farawa sura 37, labarin Yusufu. Tambayar ita ce wa ya sayar da shi? Aya ta 28 ta ambaci Midiyanawa da Isma'ilawa a jere. Rashi ya ce 'yan uwan ne suka fito da shi daga ramin suka sayar, amma jikansa Rashbam ya ce a'a, Midiyanawa ne suka riga su suka ciro shi suka sayar, shi ya sa Ra'ubainu ya dawo ya tarar ramin ba kowa. Jika ya saba wa kaka a littafi, kuma har yau ana buga sharhin su biyun a shafi daya! Malamanmu musulmi suka ce ai a Suratu Yusuf ma masu tafsiri sun yi sabani kan ko 'yan uwan ne ko ayarin suka sayar da shi da 'yan dirhami. Ni dai hujjar Rashbam ta fi kwanta min, amma Baba shugaba yana nan kan Rashi, har yanzu bai sauka ba.

Mun dan taba Sa'adiya Gawon, dan Fayyum ta Masar da ya mayar da Attaura Larabci, masu Larabcinmu sun ji dadinsa sosai, lokaci ne dai bai isa ba.

Maganar kudi kuma, kudin wata sun tafi a data da fotokwafin takardun tambayoyi, ma'aji zai kawo rasit a zama mai zuwa. Masu bashi don Allah kun san kanku.

Badi za mu kara sharhin Ramban, wani malamin Yahudawa na garin Girona ta Spain (ba Rashbam ba), a kan na Rashi, tunda shi ma yana yawan ja da shi, kuma muna neman mutum biyu da za su karbi rubuta tambayoyin Littafin Firistoci tun yanzu. Duk mai so ya yi wa sakatare magana kafin karshen wata.