Amsa ga Alhajin da ya tambayi ina kuɗin gobara suke tafiya

Assalamu alaikum Alhaji.

Na ga abin da ka rubuta a Facebook, tun kafin in buɗe da kaina mutane suka yi ta turo min. Ka tambayi ina kuɗin da muke tarawa don koya wa yaran firamare da Islamiyya da tsangaya kare kai daga gobara suke tafiya, ka ce yaushe yaro ya zama ɗan kwana-kwana, ka ce wannan aikin gwamnati ne kuma ai gobara daga kogi maganinta Allah. Sannan ka rufe da cewa wasu sun mayar da gawar yara jari. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa maka.

Waccan jimlar ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci wallahi. Alhaji kai fa ka san ni, ka san gidanmu, tare da yayana kuka yi karatun allo, kuma ka san tsawon shekarun da na yi ina koyarwa a unguwar nan ina karɓar kuɗin jarabawa da na littattafai daga hannun iyaye babu wanda ya taɓa zuwa ya ce kobonsa ya yi ciwon kai a hannuna. Yau kuma ni ne zan ci abinci da sunan yaran da suka ƙone? Haba Alhaji. Eh muna ambaton su idan mun je neman taimako, kuma ba za mu daina ba. A watan Afrilun 2021 yara 20 suka mutu a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, azuzuwan zana ne wuta ta kama. A watan Nuwamba na wannan shekarar dai aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25, 'yan shekara 5 zuwa 6. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu cikin dare a Ƙauran Namoda. Idan ban faɗi waɗannan ba me zan faɗa wa mutum ya gane abin ba wasa ba ne? Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma ɗakunan da almajiran unguwarmu suke kwana ba su fi na can ba, ƙofa ɗaya, tarin kara a gefe, ga sanyin hunturu da ke sa yaro ya shigo da garwashi cikin kasko.

Kuma ba kashe gobara muke koya musu ba, da ka zo ko sau ɗaya da ka gani. Abu na farko da ake nanata musu shi ne ka fita, ka yi ihu, kar ka koma ɗaukar komai, kar ka ɓuya ƙarƙashin gado. Ƙaramin yaro idan ya tsorata ɓuya yake yi, musamman in shi ya yi wasa da ashanar yana tsoron duka. Muna riƙe zani ƙasa-ƙasa a matsayin hayaƙi su yi ta rarrafe ta ƙarƙashinsa har bakin ƙofa, saboda hayaƙi sama yake yi kuma sau da yawa shi yake kashe mutum kafin wutar ta iso gare shi. 'Yan mata kuma maganar hijabi, in ya kama kar ki gudu, gudu ƙara hura ta yake yi, ki tsaya ki kwanta ki rufe fuska ki yi ta birgima.

Ranar da jami'in kwana-kwana ya zo ya ɗora mai a kasko a tsakiyar filin makaranta ya bari ya kama, ya ja yara nesa, ya watsa ruwa ɗan kaɗan da ludayi mai dogon hannu, wutar nan ta tashi sama ta fi tsayinsa, yara suka yi baya suna salati. Ya sake kunnawa, wannan karon murfi kawai ya ɗora, ta mutu murus. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, wadda ita ke soya wa mamanta awara kullum da yamma, ta ce malam ashe ba a zuba ruwa? Ita ce ke zaune gaban kaskon nan Alhaji, ba ni ba, ba kai ba, ba kuma gwamnati ba. Haka maganar ƙuna, har yanzu a gidajenmu man goge baki da ƙwai da manja ake shafawa, alhali ruwa mai sanyi ake ta zubawa kamar minti 20 sannan a tafi asibiti. Ga lambar gaggawa 112 da ta ofishin kwana-kwana muna sa su haddace. Muna kuma gaya musu in tankar mai ta faɗi a guje ta, kar a nufe ta da bokiti, kowa ya san abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 inda sama da mutum 150 suka rasu.

Maganar ƙaddara ba zan ja da kai ba, mun yi imani da ita. Amma a Bukhari da Muslim akwai labarin gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Annabi (SAW) ya ce wuta maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Da wannan hadisin muke buɗe darasi a kowace tsangaya kuma babu alaramman da ya taɓa korar mu.

Kuɗi kuwa ba a hannuna suke ba. Asusun kwamiti ne, sai mutum biyu sun sa hannu ake cirewa kuma ba na cikinsu. Ana kashe su a buga fosta da boko da ajami, bokitan yashi, cika abin kashe wuta bayan an yi gwaji da shi, da kuɗin motar jami'an da ke zuwa. Littafi da rasit suna wajen ma'aji, ana karantawa a taron ƙarshen wata. An kai maka takardar gayyata, an kai maka ta neman gudummawa, ba ka zo ba ba ka aiko ba, to ba laifi ba ne, dukiyarka ce. Amma gaskiya zan faɗa maka, ba ka fara ganin aibin aikin nan ba sai bayan da aka zaɓi shugaban kwamiti ba kai ba, kuma mutanen unguwa sun lura.

Abin da ya fi ci min rai ma ya wuce kai. Mu mutanenmu sai wuta ta gama cinyewa hannu yake buɗewa. Lokacin da kasuwar Singa da ta Sabon Gari suka ƙone a Kano a 2016 wane irin jaje da alƙawarin miliyoyi ne ba a yi ba? Amma ka je ka ce a ba ka kuɗin bokitin yashi kafin abin ya faru sai a fara kallon ka kamar ɗan damfara. Mu ne muke cin hanya da gini har motar kwana-kwana ta kasa shiga lungu, mu ne muke sa ƙarfe a kowace taga ba mu bar ko ɗaya da ke buɗewa ba, muna kulle yara a ɗaki da maganin sauro a kunne mu tafi biki, in mota ta makara kuma a bi ta da jifa. Gwamnati tana da nata laifin babba, ban wanke ta ba, amma ba zan zauna jiran ta ba alhali hunturu na ƙofa.

Ka zo taron ƙarshen watan nan bayan la'asar, ka zo da duk wanda ka yarda da shi ya iya lissafi, a buɗe muku littafin shafi-shafi. In kun ga naira ɗaya ta ɓata ka rubuta sunana ɓaro-ɓaro. In ba ku gani ba, ina so ka janye maganar gawar yara a daidai inda ka rubuta ta, don akwai iyayen da suka karanta suka fara hana 'ya'yansu zuwa darasin Asabar.

Wassalam,
ƙanenka, malamin makaranta a unguwarku.