Malaman kwamfuta, dan Allah ku koya wa yaranmu baƙin allo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ku ɗan ba ni fili in yi magana da malaman kwamfuta na poli da jami'o'inmu da kuma cibiyoyin koyon kwamfuta da suka cika gari. Ni aikina kula da saba ne, wato babbar kwamfutar nan da sauran kwamfutocin ofis suka dogara da ita, kuma duk shekara ana turo mana ɗalibai su zo sanin makamar aiki. Yara ne masu ƙoƙari wallahi, ka ce su buɗe Server Manager, manhajar kula da saba mai hotuna, ko su ƙirƙiri sabon akawun a Active Directory, wato rajistar masu amfani da kwamfutocin ofis, yanzun nan za su yi maka, su danna Next su ƙara danna Next su danna Finish. Amma ranar da ka buɗe musu PowerShell, wato wurin rubuta wa Windows umarni, ko ka ce su shiga saba ta SSH, hanyar shiga daga nesa da rubutu, sai ka ga jikinsu ya yi sanyi sun zuba wa baƙin allon ido, wani ma ya ce maka oga ai wannan aikin 'yan kutse ne.

Toh ba laifinsu ba ne, abin da aka koya musu kenan. Abin da ke damuna shi ne shi kansa kamfanin Microsoft da ya saba mana da maus ya daɗe da juya akalarsa. Tun 2006 ya fito da PowerShell, a Windows Server 2008 ya kawo Server Core, wato saba ce da ba ta da tebur ɗin nan mai hotuna, ka kunna ta sai dai ka tarar da wurin rubuta umarni. Dalilinsu kuwa a fili yake, in ka rage tarkace a cikin saba to ka rage cin RAM, ka rage faci, wato gyaran manhaja, da za a riƙa yi mata, ka rage yawan kashewa da kunnawa, kuma ka rage ƙofofin da ɓarawo zai bi. Daga Windows Server 2016 ma sun hana sauyawa, in ka ɗora Core to Core ɗin ce, in kana son mai hotuna sai dai ka goge ka sake ɗorawa daga farko. Ɓangaren Linux kuwa ba a ma magana, Ubuntu Server haka take zuwa babu hoto ko ɗaya, kuma akasarin shafukan intanet da muke shiga kullum a kan irin waɗannan sabobin suke zaune. Yaron da bai iya rubuta umarni ba ina zai sa kansa in an ɗauke shi aiki?

A ce makaranta ta ɗauki sabbin ɗalibai 300 kowa yana buƙatar akawun da fasuwad. Mai maus zai zauna ya buɗe taga ya rubuta suna ya danna ya rufe ya sake buɗewa har sau 300, kafin ya kai rabi ido ya gaji ya fara juya sunayen mutane, Abubakar ya koma Abubkar, washegari yaro ya zo ya kasa shiga a yi ta cacar baki. Wanda ya iya PowerShell kuwa zai karɓi sunayen a Excel ya ajiye su a fayil na CSV, ya haɗa umarnin Import-Csv mai karanta fayil ɗin da New-ADUser mai buɗe akawun, kafin shayinsa ya huce an gama, kuma rubutun yana nan a ajiye, baɗi in an ɗauki wasu sai dai ya sauya fayil kawai, ko ba ya nan abokin aikinsa zai karanta ya ga abin da aka yi. Wannan na ƙarshen shi ya fi min muhimmanci gaskiya, don danne-dannen maus ba ya barin wani rubutu da na baya zai bi.

Ga kuma matsalar sabis da kowa ya sani a nan. Remote Desktop, hanyar shiga kwamfuta daga nesa da maus, hoton allo yake jawo maka, in sabis ya yi rauni sai ka danna abu ka zauna kana jira ya motsa, data kuma tana tafiya. SSH rubutu zalla yake aikawa, ko kana ƙauye wajen biki da sanda ɗaya a waya za ka iya shiga ka buga systemctl restart ka tada abin da ya tsaya. Kuma saboda son sauƙin nan ne wasu ke barin ƙofar Remote Desktop, lamba 3389, a buɗe ga duk duniya da fasuwad mai sauƙin cinka, alhali ta nan masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa suka fi son shigowa. A 2019 da aka gano ɓarakar BlueKeep a Remote Desktop abin ya kai Microsoft sai da ya fitar da faci har wa Windows XP da Server 2003 da ya riga ya daina kula da su.

Kar a ɗauka ina ƙin kayan hotuna, ni ma ina amfani da su kullum. In ina son in ga yadda diski ke cika ko in bi sawun matsala a Event Viewer, kundin abubuwan da suka faru a Windows, ido ya fi saurin ganewa. Windows Admin Center na kula da saba da ya fito a 2018 a cikin burauza yake aiki kuma yana da kyau sosai, haka Cockpit a Linux. Hasali ma su ne tsanin koyo, don Active Directory Administrative Center yana da wani wuri a ƙasa da ake kira PowerShell History, duk abin da ka danna zai nuna maka umarnin da ya gudana a bayan fage, malami zai iya cewa yaro ya danna ya duba ya kwafa ya gwada da hannunsa. Baƙin allo kuma yana da haɗarinsa, rm -rf, umarnin goge fayiloli a Linux, ba ya tambayarka ko ka tabbata, shi ya sa dole a koya musu saka -WhatIf a PowerShell su ga me zai faru kafin ya faru, kuma su riƙa yin bakof.

Na san za a ce babu kayan aiki, amma wannan ba sai an sayi saba ta miliyoyi ba. Laftof mai RAM 8 da VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna saba ta gwaji a cikin laftof ɗin, sun isa, Ubuntu Server kyauta ce, Windows Server ma akwai ta gwaji ta kwana 180 kyauta a shafin Microsoft. Roƙona ga malamai shi ne a jarrabawar aikin hannu a ba ɗalibi saba mara hotuna, a ce ya sa mata adireshin IP, ya buɗe akawun 20 daga fayil, ya rufe ƙofar da ba a buƙata, a ba shi maki a kan haka.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani mai kula da saba, daga Kano