Kafin a ce intanet ta fi araha, a lissafa ranar da kaya suka lalace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake yawan yi game da sayayya a shagunan unguwa da sayayya a manyan kantunan intanet. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kusan duk wanda ya taɓo batun yakan jera farashi biyu, ya nuna ƙaramin, ya ce magana ta ƙare. Ni kuwa ina ganin ciniki ranaku biyu gare shi, wato ranar da aka biya kuɗi da ranar da kayan suka ƙi aiki, kuma mafi yawan masu kwatance ranar farko kaɗai suke sakawa cikin lissafi.

Ba zan musa cewa sau da yawa kaya sun fi sauƙi a intanet ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shago yana biyan haya a bakin titi inda haya ta fi tsada, yana biyan yaran shago ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sannan ɗan abin da yake sarowa bai kai a yi masa babban rangwame ba. Babban kamfanin intanet yana ajiye kayansa a sito a bayan gari, yana saro dubbai a lokaci guda, masana'antu kuma suna tsoron ya juya musu baya. Jeff Bezos ya kafa Amazon a 1994, ya fara sayar da littattafai a 1995, kuma littafi ya dace da irin wannan ciniki, tunda kowane kwafi daidai yake da ɗan'uwansa, ba a gwada shi kamar takalmi, ba ya ruɓewa a hanya. Zuwa 2011 Borders, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin shagunan littattafai na Amurka, ya karye ya rufe shagunansa. Inda kaya suke a rufe cikin kwalinsu kuma mai saye ya san ainihin abin da yake nema, da wuya ƙaramin shago ya ja da wannan ƙarfi.

Sai dai wani kaso na wannan araha daga gibin doka ya fito. A Amurka, wani hukunci da Kotun Ƙoli ta yanke a 1992 ya hana jihohi tilasta wa kamfanin da ba shi da shago ko ofis a cikinsu ya karɓar musu harajin sayayya, saboda haka shekaru 26 mai shago yana ɗora haraji kan kayansa, abokin hamayyarsa na nesa kuwa ba dole ba ne ya ɗora, har sai da kotun ta sauya matsayi a 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair. Tarayyar Turai ta daɗe tana yafe haraji ga ƙananan ƙunshin kaya masu shigowa daga waje waɗanda ba su wuce Yuro 22 ba, sai a watan Yulin 2021 ta soke wannan sassauci. Ita ma Amurka a 2025 ta daina barin ƙunshin da bai wuce Dala 800 ba ya shiga ba tare da kuɗin fito ba. Wanda ya yi shekaru yana ganin bambancin farashi yana zargin mai shago da haɗama, ya kamata ya san cewa ba a kan sikeli ɗaya ake auna su a lokacin ba.

Wani kason kuma daga zurfin aljihu ya fito, domin mai jari da yawa yana iya sayar da kaya da asara na watanni har ƙaramin ɗan kasuwa ya gaji. An ga haka lokacin da Amazon ya karya farashin ƙunzugun jarirai yana gogayya da shafin Diapers.com, ya sayi kamfanin da ya mallaki shafin a 2010, sannan ya rufe shi a 2017. Mai saye ya ci moriyar rangwamen na ɗan lokaci, amma da gogayyar ta ƙare, wuraren da zai iya zuwa sun ragu da ɗaya.

Haka nan farashin da ke kan allo ba a tsaye yake ba. Manhaja ce ke sauya shi, wani lokaci sau da dama a yini ɗaya, gwargwadon yawan masu nema da abin da sauran masu sayarwa suka saka. Tun a shekarar 2000 aka gano Amazon yana nuna wa mutane daban-daban farashi daban-daban kan faifan bidiyo iri ɗaya, har kamfanin ya ba da haƙuri ya mayar wa waɗanda suka biya da yawa rarar kuɗinsu. Akwai kuma dabarar ɓoye kuɗaɗe sai an kai matakin ƙarshe na biya, inda kuɗin kawowa da kuɗin hidima suke ɓullowa bayan mutum ya riga ya sa rai. Abin ya yi yawa har Birtaniya ta kafa doka a 2024 wadda ta wajabta a nuna duk kuɗin da ba makawa sai an biya tun daga farko. Maganar kawo kaya kyauta ma ina ɗaukarta da taka-tsantsan, saboda direba da mai da kwali duk da kuɗi ake samunsu. Ko dai an cusa kuɗin cikin farashi, ko an karɓe shi ta kuɗin rajista na shekara irin na Amazon Prime da aka fara a 2005, ko an cire shi daga kamashon da ake yanka wa ƙananan 'yan kasuwa masu sayar da kayansu ta shafin, wanda a nau'o'in kaya da yawa yake tsakanin kashi 8 zuwa 15 cikin 100.

Faransa ta fahimci wannan da wuri a harkar littattafai. Tun 1981 dokarta ta ce mawallafi ne ke yanke farashin sabon littafi, kuma ba wanda zai yi rangwamen da ya wuce kashi 5 cikin 100. Da aka hana masu sayarwa ta intanet aika littafi kyauta a 2014, sai Amazon ya mayar da kuɗin aikawa santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na Yuro, ya bi harafin doka ya bar manufarta. Sai a watan Oktoban 2023 aka sanya Yuro 3 a matsayin mafi ƙarancin kuɗin aikawa ga odar da ba ta kai Yuro 35 ba. Ana iya yarda da matakin, ana iya ƙi, tunda mai karatu da ke ƙauye nesa da shagon littattafai shi ma yana da nasa haƙƙin, amma labarin ya nuna cewa kuɗin aikawa makami ne a gasar kasuwa.

Yanzu bari in zo ga rana ta biyu, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. A nan ma sai in fara da gaskiyar da masu kare shagunan unguwa ba sa son ji. Wajen mayar da kaya, babban kantin intanet yakan fi mai shago sauƙin kai. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya saya daga nesa kwana 14 ya fasa cinikin ba tare da faɗin dalili ba, in ban da wasu kaya kamar masu saurin lalacewa ko waɗanda aka yi musamman dominsa, alhali wanda ya shiga shago ya ga kaya da idonsa ba shi da wannan dama bisa doka idan kayan lafiyarsu ƙalau. Dalilin bambancin mai ma'ana ne, don na farko cinikin biri a sama ya yi, na biyu kuwa gani ya kori ji. Mun kuma san masu shagon da suke murmushi lokacin karɓar kuɗi, su haɗe rai lokacin da aka dawo da kaya, su ce ai lafiya lau kayan suka bar hannunsu.

To amma sauƙin na intanet yana aiki ne muddin matsalarka tana cikin jerin matsalolin da aka tanadar wa amsa. Da ta fita daga jerin, sai ka nemi wanda za ka kama ka rasa. Mutane da yawa ba su lura cewa babban shafin da suke sayayya a kai sau da yawa dillali ne kawai ba. A Amazon, kusan kashi 60 cikin 100 na kayan da ake sayarwa na wasu 'yan kasuwa ne daban da suke amfani da shafin. Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa sayen batirin kwamfuta a wani babban shafi saboda ya fi na shago sauƙi sosai. Ya iso a kan lokaci, ya shiga gurbinsa daidai, ya yi aiki 'yan makonni, sai ya daina riƙe caji jim kaɗan bayan wa'adin mayarwa ya cika. Na rubuta ƙorafi, na'ura ta amsa mini da ladabi sau uku, amsa iri ɗaya. Da na samu mutum, sai ya ce ba su ne suka sayar mini ba, in tuntuɓi mai kayan. Mai kayan, wanda ashe a wata ƙasa yake, ya ce in aika masa batirin da kuɗina ya duba, kuma kuɗin aikawar ya kusa kai kuɗin batirin. Ba wanda ya yi mini rashin kunya a cikinsu, ba kuma wanda ya ɗauki alhaki.

Daga baya na kai kwamfutar wani ƙaramin shago. Mai shagon ya ciro batirin, ya juya shi, ya nuna mini rubutun jikinsa da rashin nauyinsa, ya ce jabu ne. Bai karɓi komai na dubawar ba, ko da yake ya san ba a wurinsa na saya ba. Na sayi wani a hannunsa da tsada, kuma da na haɗa kuɗin biyun da kwanakin da na ɓata, sai na tuna da maganar magabata cewa araha ba ta ado.

Abin da mai shago nagari yake sayarwa tare da kayansa shi ne sani da kuma tsayuwa wuri ɗaya. Yana iya tambayarka aikin da za ka yi da abu, ya ce maka wannan ya fi ƙarfin buƙatarka, ɗauki ƙaramin. Yana iya gane cewa ɗan ƙaramin gyara kake bukata maimakon sabon kaya. Gobe ma yana nan, ka san ƙofarsa, kuma ya san cewa mutum ɗaya da ya cuta zai hana shi goma. A intanet an maye gurbin wannan da taurarin maki da sharhin masu saye, waɗanda suna da amfani idan na gaskiya ne, sai dai su ma sun zama haja, ana saye ana sayarwa, har hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fito da ƙa'ida a 2024 mai haramta sharhin ƙarya da cinikinsa. Ban ce kowane mai shago masani ne ba. Wani mai shagon, abin da ya daɗe a kan kantar shagonsa yake son rabuwa da shi, sai ya yabe shi fiye da kima. Hidimar shago ta rataya ne a kan halin mutum guda, idan ka dace ka huta, idan ba ka dace ba babu ofishin da za ka kai ƙara a saman sa.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta masu saye da nake ganin ya dace mu yi wa kanmu faɗa a kanta. Mutum zai shiga shago, ya sa a sauko masa da kaya kala biyar, ya gwada, ya yi tambayoyi rabin sa'a, ya ɗauki hoton lambar wanda ya yi masa, ya fita ya yi oda a waya tun bai bar bakin ƙofar ba. Doka ba ta hana ba, amma ya ci gumin mai shagon bai biya ba, domin hayar wurin da ya tsaya da lokacin wanda ya yi masa bayani suna cikin ɗan bambancin farashin da ya guje wa. Babban kamfanin shagunan kayan lantarki irin Best Buy na Amurka ya iya mayar da martani a 2013 da alkawarin daidaita farashinsa da na manyan kantunan intanet, amma mai shago ɗaya tilo ba shi da wannan ƙarfi. Idan ya rufe, ba wanda ya ƙware da waya zai fara jin jiki ba. Tsoho ne da ba ya iya cike fom a allo, da wanda ba shi da katin banki, da wanda famfonsa ya fashe da dare yana bukatar kayan gyara kafin gari ya waye. Su kansu manyan kamfanonin sun san darajar wurin da ƙafa ke takawa, in ba haka ba da Amazon bai kashe Dala biliyan 13.7 a 2017 wajen sayen kantunan kayan abinci na Whole Foods ba.

Ni dai yanzu abin da yake a rufe, mai lamba sananniya, wanda kamfanin da ya ƙera shi ko wakilinsa ke sayarwa kai tsaye, ba na jin nauyin sayensa a intanet. Abin da sai an gwada, ko an haɗa, ko za a bukaci gyaransa wata rana, ko wanda jabunsa ke iya tayar da gobara, shago nake zuwa, in karɓi rasit, in tambayi sharaɗin mayarwa kafin in miƙa kuɗi.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne duk lokacin da jaridarka za ta buga kwatancen farashi tsakanin ɓangarorin biyu, a sa wakilinku ya rubuta kuɗin kawowa da haraji, da sunan ainihin mai sayarwa da ƙasar da yake, da tsawon garanti, da wanda zai biya kuɗin aikawa idan aka mayar da kaya. In da hali ma, ya sayi abu ɗaya a kowane ɓangare, ya yi ƙoƙarin mayar da shi, ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka